William Bateson: Baturen da ya gano sirrin gadon jini a zankon kaji



Na san ka taɓa cin karo da irin wannan a Facebook ko TikTok. A saka hoton jariri ranar suna, uwa baƙa, uba baƙi, yaro kuwa fari tas. Kafin ka ce kwabo masana sun cika wurin. Wannan ya ce albasa ba ta yi halin ruwa ba, wancan ya ce a tafi gwajin DNA, wani kuma ya jawo ɗan abin da ya tuna a darasin bayoloji na sakandare, wai ai ƙwayar gado mai rinjaye ita ke danne mai rauni, don haka lissafin bai fita ba. Da ilimin da bai wuce rabin shafi ba ake ɓata sunan matar aure.

Abin da aka koya mana a aji gaskiya ne fa, sai dai zaure ne kawai, ba a shiga cikin gida ba. Mutumin da zan ba ka tarihinsa yau yana cikin waɗanda suka fara wuce zauren nan. Sunansa William Bateson, ɗan ƙasar Ingila, kuma shi ne ya raɗa wa ilimin gadon halitta sunan da duniya ke kiransa da shi yau, wato jenetiks. Ya rasu tun 1926, amma abin da ya gani a jikin kaji da furanni yana nan a jininka da nawa.

Ɗalibin da ba a yi wa zaton komai ba

An haife shi ranar 8 ga Agusta, 1861, a garin Whitby da ke gaɓar teku a arewacin Ingila. Ɗan gidan boko ne na gaske, domin mahaifinsa shi ne shugaban Kwalejin St John's a Jami'ar Kambirij. Duk da haka a makarantar kwana ta Rugby malamansa ba su ga wani abin kirki a tattare da shi ba, kallon yaro marar alƙibla suke masa. Sai da ya shiga Kambirij ya haɗu da ilimin dabbobi, sannan kansa ya buɗe. Ya gama a 1883 da sakamako mai daraja ta ɗaya.

Tambayar da ta dame shi ita ce wadda ta dami masana da yawa tun bayan littafin Darwin na 1859: ta yaya bambanci ke shigowa tsakanin halittu, kuma ta yaya yake wucewa daga iyaye zuwa 'ya'ya? Ya fara da nazarin wata tsutsar teku a Amurka. Daga nan a 1886 ya tafi Asiya ta Tsakiya, wajejen Tekun Aral, ya yi fiye da shekara yana bin tafkuna masu gishiri don ya ga ko yanayin ruwa ne ke sauya siffar halittun ciki. Ya dawo bai sami amsar da ta gamsar da shi ba.

Sai ya sauya salo. Ya shiga bin gidajen tarihi da ɗakunan karatu da wuraren masu kiwo yana tattara duk wata halitta da ta fito ba yadda aka saba ba: mutum mai cindo, mutum mai ƙarin haƙarƙari, ƙwaro da ƙafa ta tsiro masa a inda ya kamata gashin kansa na shinshina ya fito. A 1894 ya buga ƙaton littafi mai ɗauke da misalai 886 irin waɗannan. Abin da yake son nunawa shi ne, halitta ba kullum take sauyawa kaɗan-kaɗan ba, wani lokaci tsalle take yi. Littafin bai yi kasuwa ba, ya kuma jawo masa abokan adawa. Amma ya koya masa ɗabi'ar da ta bi shi har kabari, ta tsayawa a kan abin da ya saɓa wa ƙa'ida maimakon a share shi a wuce.

Takardar da ta yi shekara 34 tana barci

A 1866 wani malamin coci mai suna Gregor Mendel, a birnin Brno da ke Jamhuriyar Cak ta yanzu, ya buga sakamakon gwajin da ya yi da wani irin waken Turawa. Ya haɗa dogon iri da gajere, 'ya'yan duk suka fito dogaye. Ya bar 'ya'yan suka hayayyafa a tsakaninsu, sai jikoki suka fito kashi uku dogaye, kashi ɗaya gajeru. Ma'ana gajarta ba ta ɓace ba, laɓewa ta yi. Kowane tsiro yana karɓar ƙwayar gado ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, kuma ta tsawo tana rinjayar ta gajarta. Wannan shi ne darasin da kake tunawa.

Ba wanda ya kula da aikin. Mendel ya rasu a 1884, sai a 1900 wasu masana tsirrai uku a Turai suka sake tono shi. Matar Bateson, Beatrice, ta ba da labarin cewa a cikin jirgin ƙasa ya karanta batun, yana kan hanyar Landan don gabatar da lacca, kuma kafin ya sauka ya sauya abin da zai faɗa. Tun daga lokacin ya zama babban mai kare Mendel a duniyar masu jin Turanci. Ya tsaya aka buga fassarar takardar, ya rubuta littafin kare ta a 1902, kai har ɗansa na uku da aka haifa a 1904 sunan Mendel ya ci, Gregory.

To ga inda labarin ya yi daɗi. Mutumin da ya fi kowa yarda da Mendel, shi ne kuma ya fi kowa tono wuraren da lissafin uku da ɗaya ba ya fita. Bai ɓoye su don kare gwaninsa ba, bin su ya yi ɗaya bayan ɗaya.

A lokacin ba shi da kujerar farfesa, ba shi da wani kuɗin bincike na a zo a gani. Har aikin kula da harkar abincin kwalejinsu ya riƙe don samun na cefane. Gidansa da ke ƙauyen Grantchester kusa da Kambirij shi ya mayar wurin gwaji: akurkin kaji a nan, injin ƙyanƙyasa a can, kunyoyin fure a bayan gida. Shi yana duba 'yan tsaki, Beatrice tana rubutawa a littafi. A 1904 wani matashi mai suna Reginald Punnett ya shigo aikin. Eh, shi ne dai mai akwatin nan mai gida huɗu da kake zanawa a jarrabawa.

Shuɗiyar kazar da ta ƙi zama iri

Akwai wata kaza da ake kira 'yar Andalus, mai launin toka-toka da ke ɗaukar ido kamar shuɗi. Masu kiwo a Ingila suna son ta, amma ta hana su sakat. Duk sanda suka haɗa shuɗin zakara da shuɗiyar kaza, sai rabin 'yan tsakin kawai su fito shuɗɗa. Kashi ɗaya cikin huɗu baƙaƙe, kashi ɗaya kuma farare masu ɗige-ɗige. Su cire waɗannan, su sake haɗa shuɗɗan, abu ɗaya dai. Suna ta zargin cewa irin ne bai tsarkaka ba.

Bateson da abokan aikinsa suka nuna cewa babu ranar da za ta tsarkaka, domin babu ƙwayar gadon shuɗi tun asali. Kaza shuɗiya tana ɗauke da ƙwaya iri biyu ne, wadda ke ba da baƙi da wadda ke dusashe shi, kuma babu wadda ta iya danne 'yar uwarta gaba ɗaya, sai launin ya tsaya a tsakiya. Idan kana son duk 'yan tsakinka su fito shuɗɗa, baƙi za ka haɗa da fari mai ɗige. Wannan shi ake kira rinjayen da bai cika ba.

Akwai ɗan uwan wannan tsari wanda ya fi kusa da mu, inda ƙwayoyin biyu kowacce ke fitowa da cikakken aikinta. Mai rukunin jini AB ya gaji A daga ɗaya, B daga ɗaya, kuma duka biyun suna kan ƙwayoyin jininsa, ba wanda ya ja da baya. Sannan ƙwayoyin gadon rukunin jini iri uku ne a cikin jama'a, A da B da O, kowa yana ɗauke da biyu. O ita ce mai laɓewa. Saboda haka uba mai jini A da uwa mai jini B, idan kowannensu yana ɓoye da O, za su iya haifar ɗa mai A, ko B, ko AB, ko O. Gida ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, rukuni huɗu.

Haka ma jinotaif. Mai AS jikinsa yana ƙera sinadarin jini iri biyu ne, na A da na S, shi ya sa na'urar gwaji ke nuna duka biyun. A ido lafiyarsa ƙalau, har ma yana da ɗan kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, amma S ɗin tana nan ba ta je ko'ina ba. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Ka lura, kowane ciki na ce. Ba wai in an haifi mai sikila ɗaya ukun da za su biyo baya sun tsira ba ne, kowane ciki sabon lissafi ne. Kuma akwai C, wadda ake samu a Afirka ta Yamma, ta yadda AS da AC za su iya haifar SC, shi ma ciwo ne. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan jariran da ake haifa da sikila, don haka wannan ba labarin kajin Turawa ba ne kawai.

Zanko huɗu daga ƙwaya biyu

Yanzu mu koma akurki. Ka duba kan zakarun gidanku, yawanci zankonsu tsaye yake guda ɗaya mai haƙora kamar zarto. Amma akwai wasu siffofin. Wani zankon shimfiɗaɗɗe ne mai ƙuraje-ƙuraje da tsini ta baya, Turawa suna kamanta shi da furen wardi. Wani kuma gajere ne mai layi uku, suna kamanta shi da jerin wake.

Bateson da Punnett suka gwada kowanne da zanko mai zarto, suka ga shimfiɗaɗɗen yana rinjayarsa, mai layi ukun ma haka. Lafiya lau, Mendel ya yi daidai. Sai suka haɗa masu rinjayen biyu don su ga wa zai kayar da wa. Ba wanda ya kayar da wani. 'Ya'yan duk suka fito da zanko na huɗu, dunƙulalle mai tamoji kamar ƙwallon goro, wanda babu shi a kan uwa, babu shi a kan uba.

Da suka haɗa waɗannan 'ya'yan a tsakaninsu, cikin kowane jikoki 16 sai ka sami kusan 9 masu dunƙulalle, 3 masu shimfiɗaɗɗe, 3 masu layi uku, 1 kuma mai zarto. Ka ga wannan na ƙarshen? Ko kakanninsa na farkon gwajin ba su da irin zankonsa.

Bayanin shi ne, ba ƙwayar gado ɗaya ke yanke siffar zanko ba, biyu ne mabambanta suke aiki a wuri guda. In ta farko ce kaɗai ke nan, shimfiɗaɗɗe. In ta biyu ce kaɗai, mai layi uku. In sun haɗu, dunƙulalle. In duk babu, mai zarto. Wato ɗa zai iya fitowa da siffar da ba ta uwa ba, ba ta uba ba, alhali kowace ƙwaya da ta gina ta daga wurinsu ya samo.

Fari da fari suka haifi mai launi

Gwajin da ya fi ba mutane mamaki da furen wani wake mai ƙamshi aka yi shi, wanda Turawa ke shukawa don ado. Akwai iri biyu masu farin fure, kowanne in ka bar shi shi kaɗai fari zai yi ta haifa har abada. Da aka haɗa su, sai 'ya'yan suka fito da fure mai launin shunayya, irin na kakansu na daji. Jikoki kuma suka rabu 9 masu launi, 7 farare.

Ka ɗauki misalin marina, irin ta Ƙofar Mata a Kano. Rini ba ya kamawa sai an haɗa baba da toka. Marini ɗaya yana da baba amma ba toka, zanensa fari zai zauna. Ɗaya yana da toka ba baba, shi ma fari. A ido matsalarsu ɗaya ce, amma abin da kowa ya rasa daban. Ranar da suka haɗa kaya a karofi ɗaya, zane zai fito shuɗi. Haka furen nan yake. Launi yana buƙatar matakai biyu, kowane mataki da ƙwayar gadonsa. Kowane farin iri mataki ɗaya ya rasa, ɗan da suka haifa kuwa ya sami cikon kowanne daga ɗayan ɓangaren.

Daga irin waɗannan gwaje-gwaje Bateson ya fito da kalmar efistasis, wato wata ƙwayar gado ta tsaya a kan wata daban ta rufe aikinta. Ka bambanta shi da rinjayen Mendel. A can, ƙwaya biyu ne na siffa ɗaya suke takara. A nan kuwa wata ce daga wani layin take kashe wa wata fitila.

Zabiya misali ne da kowa ya sani. Yaro zai iya gadon duk ƙwayoyin baƙar fata daga iyayensa, amma in ya gaji laɓaɓɓiyar ƙwayar da ke hana ƙera sinadarin launi daga uwa da uba duka, to sauran ba su da abin da za su yi aiki da shi. Iyayen baƙaƙe ne, ba su ma san suna ɗauke da ita ba. Ba aljanu, ba maita, ba laifin uwa ita kaɗai, daga ɓangare biyu abin ya zo. Abin da yaron ke buƙata shi ne kariya daga rana da kula da idanunsa, ba tsangwama ba. Kuma da yake zabiyanci iri-iri ne, an taɓa samun zabiya ya auri zabiya suka haifi 'ya'ya masu launi, daidai da furannin Bateson. Haka wasu kurame biyu da aka haifa da kurumta kan haifi yaro mai ji garau, in abin da ya jawo wa kowannensu daban ne.

Har a rukunin jini akwai irin wannan. A 1952 a birnin Bombay na Indiya aka gano mutanen da gwaji ke nuna jininsu kamar O, alhali wasunsu suna ɗauke da ƙwayar A ko B. Sun rasa wani tubali ne da ake ɗora A da B a kansa. Irin wannan mutum zai iya ba ɗansa A ɗin da shi kansa gwaji bai nuna a jikinsa ba. Abu ne da ba kasafai ake samu ba, amma ya isa ya nuna maka cewa katin rukunin jini ba alƙali ba ne.

Matan da suka riƙe aikin

Kada ka ɗauka shi kaɗai ya yi wannan. Manyan masanan Kambirij na lokacin ba su ɗauki aikin Mendel da muhimmanci ba, don haka yawancin waɗanda suka tsaya tare da shi mata ne daga Kwalejin Newnham, a zamanin da jami'ar ba ta ba mace cikakken digiri. Sai 1948 aka fara ba su. Edith Rebecca Saunders ta fara gwajin haɗa tsirrai tare da shi tun kafin a tono Mendel, kuma a rahotonsu na 1902 aka fara amfani da wasu kalmomin da ɗaliban bayoloji ke haddacewa har yau. Muriel Wheldale ta warware yadda ƙwayoyi da dama ke haɗuwa su ba da launin wani fure, ta kuma bi sinadaran launin kansu. Florence Durham, 'yar uwar matarsa, ta yi aiki a kan launin gashin ɓeraye. 'Yar uwa mai karatun kimiyya, ki sani wannan fage da hannun mata aka kafa shi.

A wannan shekarar ta 1902 ne kuma wani likita a Landan, Archibald Garrod, ya lura da wani ciwo da ke sa fitsari ya yi baƙi in ya sha iska, kuma da yawa daga masu shi iyayensu 'yan wa da ƙani ne. Bateson ya bayyana dalili: dangi na kusa sun fi yiwuwar ɗaukar laɓaɓɓiyar ƙwaya iri ɗaya daga kaka ɗaya. Auren zumunci ba ya ƙirƙiro ciwo, amma yana ƙara damar ɓoyayyu biyu su haɗu. Shi ya sa gwaji ya fi zama dole a inda aure na gida ne.

Rigimar da ta raba abokai

Bateson ba mutum ne mai sanyin baki ba, in ya riƙe alƙalami sai ya ji wa mutum ciwo. Babban abokin hamayyarsa shi ne Raphael Weldon, wanda a da abokinsa ne kuma jagoransa a Kambirij. Weldon da masanin lissafi Karl Pearson suna cewa: ku dubi tsawon mutane mana, ai ba dogo da gajere kawai ake da su ba, akwai kowane mataki a tsakani, ina uku da ɗaya a nan? Weldon yana kuma jaddada cewa muhalli da sauran abin da halitta ta gada suna sauya yadda siffa ke fitowa. An yi ta musayar zafafan rubuce-rubuce, aka yi babbar muhawara a Kambirij a 1904, kuma Weldon ya rasu a 1906 ba su shirya ba.

Sai a 1918 wani matashin masanin lissafi, Ronald Fisher, ya nuna cewa kowane ɓangare yana riƙe da rabin gaskiya. In ƙwayoyi masu yawa ne ke gina siffa ɗaya, kowacce tana ƙara ɗan kaɗan, kowacce kuma tana bin dokar Mendel, to sakamakon zai fito mataki-mataki ba tare da tsalle ba. Haka tsawo yake, haka launin fata yake. Shi ya sa a ɗaki ɗaya za ka ga baƙi, ka ga wankan tarwaɗa, ka ga fari, domin kowane yaro da irin rabon da ya ɗebo daga taskar iyayensa. Ƙara da abinci da rana da lafiya, su ma suna da nasu hannun.

Inda shi ma ya toge

A wajen 1905, shi da Saunders da Punnett sun lura da wani abu a furen waken nan. Launin fure da siffar garin furen ba sa rabuwa yadda Mendel ya ce siffofi mabambanta su riƙa yi, kamar an ɗaure su tare suke tafiya. Babban abu suka gano, amma bayanin da Bateson ya bayar bai yi daidai ba.

Wanda ya warware shi ne Thomas Hunt Morgan a Jami'ar Kolombiya da ke Amurka, da 'yan ƙananan ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓen 'ya'yan itace. Daga 1910 shi da ɗalibansa suka nuna cewa ƙwayoyin gado a jere suke a kan wasu zaruruwa da ke cikin ƙwayar halitta, waɗanda ake kira kuromosom, kamar duwatsun carbi. Waɗanda ke kusa da juna a zare ɗaya tare ake gadonsu. Daga wannan layin binciken ne aka fahimci dalilin da ya sa makantar launi da ciwon rashin daskarewar jini suka fi kama maza. Ilimin kuromosom ɗin ne kuma ya tabbatar da cewa abin da ke sa ciki ya zama namiji ko mace daga ɓangaren uba yake zuwa, don haka masu yi wa mace gorin haihuwar 'ya'ya mata su sake lale.

Bateson ya yi fiye da shekara goma yana ƙin yarda da wannan. Sai a ƙarshen 1921 ya je ɗakin binciken Morgan da kansa, ya leƙa madubin, sannan a wani taro a Toronto ta Kanada ya amince a bainar jama'a cewa suna da hujja, ko da yake bai saki duk shakkunsa ba. Mutumin da a laccarsa ta zama farfesa a 1908 ya hori ɗalibai su daraja abin da ya saɓa wa ƙa'ida, shi ma sai da ya sha wuya kafin ya karɓi abin da ya saɓa wa tasa fahimtar. Ilimi ba ya jin kunyar kowa.

Ƙarshen rayuwa

Kalmar jenetiks a wata wasiƙa ya fara rubuta ta a 1905, ya kuma gabatar da ita a taron masana a Landan a 1906. A 1910 ya bar Kambirij ya zama shugaban farko na cibiyar binciken tsirrai ta John Innes, wadda har yau tana aiki, yanzu a birnin Norwich. A shekarar shi da Punnett suka kafa mujallar wannan fanni.

A gida kuwa ya ga jarrabawa. Babban ɗansa John ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya a Oktoban 1918, saura 'yan makonni a tsagaita wuta. Na biyun, Martin, ya hallaka kansa a Landan a 1922. Gregory kaɗai ya rage, shi ma bai gaji kajin babansa ba, ya zama sanannen masanin al'adun al'umma. Bateson ya ci gaba da aiki har ya rasu ranar 8 ga Fabrairu, 1926, yana da shekara 64.

Abin da ya bari ya wuce kalmomin jarrabawa. Ya nuna cewa ƙwayoyin gado ba zaman kowa-tasa-ta-fishshe-shi suke yi ba: wata tana raba rinjaye da wata, wata tana cika wata, wata tana rufe wata. Likitoci suna ganin haka yau a sikila. Masu SS biyu, ɗaya kullum yana gadon asibiti, ɗaya kuwa sai jefi-jefi, kuma daga cikin dalilan akwai wasu ƙwayoyin gado daban da ke sa jiki ya ci gaba da ƙera irin sinadarin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ke rage lanƙwashewar ƙwayoyin jini.

Don haka abu biyu nake so ka riƙe. Na farko, ido ba ya karanta gado. Hasken yaro ko duhunsa ko rukunin jininsa ba hujja ba ce da za ka hau waya ka taɓa mutuncin uwarsa, kuma ka san matsayin ƙazafi a addini. Na biyu, tunda ido ba ya gani, to a je a gwada abin da ake iya gwadawa. Jihar Kano ta mayar da gwajin lafiya kafin aure doka a 2024, amma kada ka jira sai an sa rana an raba goro. Ka san jinotaif ɗinka tun yanzu, a asibitin da aka yarda da shi, ke ma haka, kafin zuciya ta yi nisan da ba ta jin kira.